Zurfin Tsaga

Ranar da na fara taɓa ƙaron bishiyar cir, sai da ya kusa sa ni makarar sallar Azahar. Muna kan wani tsauni ne a ƙasar Kumaon da ke arewacin Indiya, tsakanin Almora da Ranikhet, mu ɗaliban da aka kwaso daga Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Dehradun don mu ga aiki da idanunmu. Na tsoma yatsu biyu a wani ɗan gwangwani mai siffar mazurari da aka maƙala a gindin bishiya, na shinshina. Ƙamshi ne mai kaifi, kamar an haɗa turaren wuta da sabon fenti. Da na koma gefe zan yi alwala da ruwan gorata, sai na ga ruwan yana zamewa a kan yatsun nan kamar a bayan agwagwa. Na goga da ƙasa, ƙasa ta manne. Na goga da ganye, ganye ya manne. Ga lokaci yana tafiya, kuma kowa ya san abin da ya tare ruwa daga fata ya tare alwala.

Wani dattijo cikin masu tsaga bishiyoyin don tatsar ƙaro, mutumin Nepal ne kamar da yawa daga cikinsu, yana zaune a kan garwa yana kallona. Ya tashi ya ciro wata 'yar kwalba ta man girkinsu, ya ɗiga mini a tafin hannu, ya nuna mini in murza. Nan take ƙaron ya saki. Na goge da tsumma, na wanke, na yi alwala, na yi salla a kan busassun ganyayen da suka rufe ƙasa kamar tabarma.

Da na idar, na roƙi wani abokin karatuna ya yi mana tafinta. Na ce, "Baba, me ya sa bishiyar nan take zubar da wannan abu?" Ya dafa jikinta ya ce, "Ɗana, ba kyauta take ba mu ba. Rauninta take son rufewa, mu kuma muna hana ta."

Na ji laccoci da dama a Dehradun, yawancinsu sun tafi da shekaru. Wannan maganar ita ce ta biyo ni gida.

Cir wani jinsi ne na bishiyar da ake kira fayin. Wanda ya taɓa ratsa gandun Afaka kusa da Kaduna, ko ya hau tsaunin Mambila, ya ga 'yan'uwanta da aka dasa. Doguwa ce miƙaƙƙiya, ganyenta sirara kamar allurai, uku-uku a ɗaure, ɓawonta kuwa mai kauri ne, a tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. A gindin duwatsun Himalaya tana rufe gangare bayan gangare, daga wajen mita 500 har zuwa kusan mita 2,000 sama da teku. Allah ya tsara mata wasu ƙananan jijiyoyi a jiki cike da ƙaro. Da ƙwaro ya huda ta ko reshe ya karye, sai ƙaron ya kwararo, ya dulmiyar da ƙwaron, ya toshe ƙofar cuta. Ruwa-ruwan da ke cikinsa ya bi iska, sauran ya daskare ya zama ɓawon gyambo. Ƙaron nan, wanda mutanen wurin ke kira lisa, maganinta ne da bandejinta.

Sana'ar mai tsaga ke nan: ya hana gyambon warkewa. Na tsaya a bayan dattijon na ga yadda yake yi. Da farko an kankare kaurin ɓawon har ya yi laushi, an ja wata 'yar kwata a tsakiya daga sama zuwa bakin gwangwani. Shi kuma kowane mako sai ya zo da wata wuƙa mai lanƙwasa ya ja sabon layi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su haɗu a kwatar, har jikin bishiyar ya koma kamar ƙayar kifi. Zurfin layin bai wuce kaurin farce biyu ba. Sai ya fesa tsinkakken asid, ɗan'uwan wanda muke kira ruwan batir, don kada bakin jijiyoyin ya yi saurin toshewa. Kafin ya matsa ga bishiya ta gaba, ɗigo na farko ya tsattsafo, garau kamar hawaye, yana gangarowa a hankali. Haka ake yi tun daga farkon zafi har sanyi ya kawo kai, kuma abin da tsaga ɗaya za ta bayar a tsawon watannin nan 'yan kilo ne da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A juye a garwa, a ɗauka a baya ko a kan alfadari zuwa bakin hanya, a kai masana'anta a dafa. Tururin ya koma wani mai da ake tsinka fenti da shi. Abin da ya rage, kusan kashi uku cikin huɗu, ya daskare ya yi kalar zuma, shi ake sa wa takarda don kada tawada ta baje, da sabulu, da gam, da cingam. In ka taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran waya ko rediyo ka ji ƙamshin farin hayaƙin da ke tashi lokacin da yake narka dalma, to ƙaron fayin ka shaƙa. Duk muna ci daga raunin nan, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ina tsaye a wurin sai zuciyata ta koma ƙauyenmu da ke gabas da Gumel. Kakana malamin allo ne, kuma da hannunsa yake haɗa tawadarsa. In kaka ta wuce, ɗakwara ta fara zubar da ganye, sai ya ɗauki ɗan gatarinsa mu shiga daji. Ya ɗan sari reshe, ya ja ɓawon, faɗin yatsu biyu, tsawon taƙi, ya wuce. Bayan wata guda ko fiye mu dawo mu tarar da ƙaro ya dunƙule kamar ƙwan kurciya. Ƙaron ɗakwara ya bambanta da na fayin, domin shi yana narkewa a ruwa, wancan kuwa ruwa ba ya cin sa sai mai ko wuta. Amma asalinsu ɗaya: rauni ne bishiya ke ƙoƙarin rufewa. Da shi ake kama tawada ta zauna a allo. Duk ayar da na wanke na sake rubutawa ina yaro, akwai hawayen ɗakwara a cikinta.

Ina ɗan shekara goma na ga wata tocila a kasuwa, raina ya biya. Na lissafa cewa in tsaga ɗaya ta ba da dunƙule ɗaya, to tsaga mai yawa za ta ba da mai yawa. Na saci jiki da gatarin, na sami wata matashiyar ɗakwara na ɓare ta zagaye, tun daga gwiwata har iya inda hannuna ya kai. Damina ta zo, kowace bishiya ta yi kore, ita tana tsaye ƙayau. Kakana bai doke ni ba. Ya kama hannuna har gabanta ya ce, "Abokina, ka ci riba ka haɗa da uwa. Baɗi me za ka ci?" Ya sa na sare ta na ɗauko a ka zuwa gida. Girkin kwana uku aka yi da ita ta ƙare.

Tarihin tsagar fayin, in ka bi shi daga farko, labarin uwa da riba ne. Shekaru aru-aru Turawa sun dogara da ƙaron fayin wajen toshe kafofin jiragen ruwansu na katako. A kudancin Amurka, da gatari ake fafe rami a gindin bishiyar don ƙaro ya taru, bishiya ta raunana, iska ta kayar ko gobara ta cinye, 'yan kasuwa su matsa gaba zuwa sabon daji. Bayi ne suka fara yin wannan aiki, bayansu fursunoni da leburorin da aka ɗaure da bashi. A Faransa, a shekarun 1840, wani mai suna Pierre Hugues ya fito da dabarar rataya ɗan kaskon yumɓu maimakon rami. A Amurka sai farkon shekarun 1900 wani masanin haɗa sinadarai, Charles Herty, ya kawo makamanciyar dabarar. Duk gyaran da aka yi wa sana'ar nan, magana ɗaya yake maimaitawa: a rage zurfi.

Turawan mulkin Ingila sun fara gwada tsagar cir a duwatsun Indiya a ƙarshen ƙarni na 19, da salon Faransa, wanda ake sassaƙe fuska mai faɗi har cikin naman itace. Da suka ga akwai kuɗi, sai aiki ya buɗe. Masanin tarihi Ramachandra Guha ya kawo cewa tsakanin 1910 da 1920, yawan tsagar da ake tatsa a Kumaon ya tashi daga 260,000 zuwa sama da miliyan 2. A wannan tsakanin ne, daga 1911 zuwa 1917, aka shata dazuzzuka masu yawa aka mai da su na gwamnati. Talakan da kakanninsa suka yi kiwo a wurin aka taƙaita masa yankan ciyawa da saran reshe, aka hana shi ƙona busasshen ganyen da ke kashe ciyawar dabbobinsa, ga kuma aikin tilas na ɗaukar kayan ma'aikata. A watan Janairun 1921 jama'a suka taru a Bageshwar suka zuba rajistar aikin tilas a kogin Saryu. Da zafin shekarar ya yi, wuta ta tashi a dazuzzukan cir, gangare bayan gangare, kuma mafi yawa hannu ne ya kunna ta. Bishiyar da aka tsaga kuwa fitila ce a tsaye. Mutane sun ƙona dajin da suka tashi a cikinsa, domin ya daina zama nasu. Sai da aka yi haka gwamnati ta sassauta, har a 1931 aka kafa dokar da ta ba ƙauyuka damar kula da wasu dazuzzuka ta hannun majalisunsu.

Samun 'yancin kai a 1947 bai rage zurfin tsaga ba. Ana gwanjon daji, ɗan kwangila ya saya na ɗan lokaci, ya tatse iya ƙarfinsa ya tafi. A Gopeshwar, ƙungiyar ƙauye da Chandi Prasad Bhatt ya jagoranta ta kafa 'yar masana'antar dafa ƙaro don matasa su sami aiki a gida, amma ƙaron dutsensu babbar masana'anta ta Bareilly, can ƙasa a fili, ake kai wa da rahusa. Wannan takaici yana cikin abin da ya haifi gwagwarmayar Chipko a 1973. Ma'anar kalmar ita ce mannewa, wato mutum ya manne wa bishiya ya ce sai dai a sare su tare. A watan Maris na 1974 wata mata mai suna Gaura Devi ta ja matan ƙauyen Reni suka tare masu sara suka mai da su.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a 1977, a kwarin Henwal na ƙasar Tehri Garhwal. Jama'a suka ga bishiyoyin cir an yi musu tsaga fiye da kima, wasu har sun kusa faɗuwa. Suka shiga daji suka zare ƙarafunan da aka kafa a jikinsu, suka kwaɓa laka suka shafe raunukan, suka ɗaure kamar yadda ake ɗaure gyambon mutum. Cir ba ma ita ce abar ƙaunarsu ba. Mutumin dutse ya fi son wata bishiya mai faɗin ganye da suke kira banj, wadda ke ba dabba abinci ta kuma riƙe ruwan maɓuɓɓuga. Duk da haka suka yi jinyarta. Shekara 56 ke tsakanin masu kunna wuta da masu kwaɓa laka, zalunci iri ɗaya, amsa iri biyu. Bayan wannan ne, a farkon shekarun 1980, gwamnatin Indira Gandhi ta hana sare ɗanyun bishiyoyi na shekara 15 a wuraren da suka haura mita 1,000 a wannan yanki, salon ƙayar kifi mara zurfi kuma ya maye gurbin tsohon.

To ga tambayar da ta hana ni sakat: ya halatta ɗan Adam ya ci abinci daga raunin wata halitta, har ya riƙa fama raunin da gangan kowane mako?

Na daɗe ina neman hanyar da mutum zai rayu bai raunata komai ba, ban same ta ba. Garma tsaga ƙasa take yi. Lauje yanka yake yi. Nonon da muke dama fura da shi na ɗan maraƙi ne, zumar da muke sha guzurin ƙudan zuma ce. Addininmu bai yi mana ƙaryar cewa za mu wuce duniya hannunmu bai taɓa kowa ba. Ya halatta yanka, sannan ya ce a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Ya halatta tatsa, sannan ya yi umarni a rage wani abu a hantsa. Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, da zai tura runduna Sham, cikin wasiyyarsa har da hana sare bishiya mai 'ya'ya, alhali yaƙi za su. Ashe izinin yana nan, amma ba a taɓa ba da shi babu iyaka ba.

Ina iyakar take? Na same ta a babin waƙafi. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona mai daraja a Khaibar ya nemi shawara, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna masa ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. Asali ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Da na duba sai na ga duniya ma haka aka miƙa mana ita. Mai ita yana nan, mu masu cin amfani ne na ɗan lokaci. Riba halal ce, uwa amana ce. Abin da kakana ya faɗa mini a gaban busasshiyar ɗakwara ke nan, da harshen 'yan kasuwa.

Wani zai ce ai itace ba ya jin zafi, ina laifi a ciki? Ko an sallama masa haka, magana ba ta ƙare ba. Akwai haƙƙin Mai halitta, wanda ya sanar da mu cewa kowane abu yana tasbihi gare shi. Akwai haƙƙin matar da gidanta ke ƙasan gangare, wadda zaftarewar ƙasa za ta binne in saiwoyi suka mutu. Akwai haƙƙin jikan da ba a haifa ba, wanda ba shi da bakin da zai zo wurin gwanjo ya yi magana.

Saura tambaya mafi wuya: wa zai tsare iyakar? Doka tana nan a rubuce, an faɗi kaurin da bishiya za ta kai kafin a taɓa ta, da faɗin tsaga, da ƙarfin asid. Na yi aikin gandun daji, na san malamin daji ɗaya ba zai tsaya a bayan kowace bishiya ba. A kan tsaunin nan na ga bishiyoyi iri biyu. Wasu tsoffin tsagarsu sun rufe, sabon ɓawo ya naɗo daga gefe da gefe kamar leɓe. Wasu kuwa an ci su har sun yi baƙi, wuta ta lashi raunin, sun rame a gindi suna jiran iska. Na tambayi dattijon bambancin. Ya ce, "Waɗannan wanda zai dawo ne ya tsaga su. Waɗancan wanda ba zai dawo ba ne."

Shi kansa da nauyin garwa ake biyan sa. In an matse masa farashi, ga iyali a can gida suna jira, hannunsa zai ƙara nauyi, ya ƙara ƙarfin asid. Zurfin tsagar da ke jikin bishiya tun daga teburin kwangila aka fara shi. Wanda ke tatsar mutum ba ya barin wani abu a hantsa, shi ne ke koya wa mutumin yadda zai yi da bishiya. Ya kamata mu duba kanmu a nan: 'yar aikin da ke gidanmu, yaron shagonmu, leburan gonarmu. Kowannensu muna cin guminsa, kuma halal ne in an biya. Amma muna barin masa lokacin da raunin zai rufe?

Nan na gane wani abu game da imani da Ranar Sakamako wanda ban gane ba a da. Wanzami yana yin tsagar ƙaho da sauƙin hannu domin gobe zai haɗu da mai jinyar a masallaci. Baƙon da zai hau mota da yamma shi ake tsoro. Imani da hisabi yana mai da kowane mutum wanda zai dawo. Ko kwangilarka ta wata takwas ce, ko ba za ka sake taka dajin ba har abada, akwai ranar da za a tsayar da kai a gaban kowace tsaga da ka yi. Mai wannan yaƙinin ba ya bukatar malamin daji a bayansa.

Shi ya sa abin yake mini ciwo. Mutanen da suka kwaɓa laka a Henwal ba Musulmi ba ne. Mu da muke karanta ayoyin amana da hana ɓarna safe da yamma, mu duba maɗatan da ke bakin titunanmu, waɗanda aka dasa tun kafin a haife mu. An sassaƙe su zagaye, sun tsaya tsirara har iya tsayin mutum, suna mutuwa a tsaye. Mu duba buhunan gawayin da ke shigowa birane kullum. Talauci gaskiya ne, na san shi. Sai dai kakannin da suka fi mu rashin kuɗi sun bar mana bishiyoyin, mu kuwa muna cin uwa.

Kuma ilimin yana hannunmu tun da can. Tsofaffin masu magani in za su aike ka ɗebo sassaƙe, cewa suke yi ka ɗebo na gabas da na yamma. Ina yaro na ɗauka wani sirri ne na maganin. Sai da na yi karatun itatuwa na ga abin da ke ciki: in ka ɗauki gabas da yamma, ka bar kudu da arewa, kuma ta nan abincin da ganye ya haɗa zai ci gaba da sauka zuwa saiwa. Bishiya za ta rayu, ta rufe raunin, wani ma ya zo ya samu.

Watannin baya, a hanyar kasuwar ƙauyenmu, na tarar da wani saurayi da gizago a jikin wani maɗaci. Mahaifiyarsa ce ba lafiya, an ce ya kawo sassaƙe. Ya riga ya ci gefe ɗaya, yana shirin zagayawa. Na yi masa sallama na ce, "Samari, Allah ya ba Inna lafiya. Abin da ka ɗiba ya isa jiƙo nawa?" Ya duba ya ce zai yi mako. Na ce, "To bar mata sauran. In ya ƙare ka dawo, za ka same ta." Akwai wani kududdufi kusa da wurin. Muka ɗebo laka, ni da shi, muka shafe farin wurin da gizago ya buɗe har ya rufe. Ya ɗaure sassaƙensa a bayan keke ya tafi, ni kuma na tsuguna a bakin ruwan na wanke hannuna, don La'asar ta gabato.